Irin Maiwar Inna

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa ta ɗiya ga uwa, gwiwa biyu a ƙasa, ina roƙon Allah ya sa wannan saƙo ya same ki cikin sauƙi da yalwar makwanci. Ni ce Rabi, autarki. Idan kin tambayi lafiyarmu, muna nan ƙalau, sai godiyar Allah. Ina nan a unguwar Zahir ta Makka, a benen nan da kika ce matattakalarsa za ta kashe ki kafin ajali. Zafin bana ya yi mana dukan kawo wuƙa, amma ya fara sassautawa, hadari ya soma taruwa a kan duwatsun Ɗa'ifa.

Ba gaisuwa kaɗai ta kawo ni ba, Inna. Ƙara na kawo miki, ƙarar ɗanki, Yaya Haruna, a kan irin maiwarki. Da kina raye da tun kafin in kai rabi kin ɗaga mini hannu, kin ce in yi haƙuri, shi ne babba. Yau kuwa sai dai ki saurara har in kai aya.

A waya nake rubutawa, a inda kowa zai gani. Kada hankalinki ya tashi, Yaya ba zai karanta ba. Hausarsa ta baki ce, ita ma rabi Larabci. Ni ma matan Kano da muke girki tare a Arfa lokacin aikin Hajji ne suka koya mini rubuta ta. Saboda masu leƙe, ki yi haƙuri in maimaita abubuwan da kin fi ni sani.

Kakarki, Kaka Tabawa, ita ta zo da maiwar nan daga ƙasar Daura, a ƙafa, ita da mijinta. Kin ce shekaru suka yi a hanya. In guzuri ya ƙare sai su yada zango, su roƙi aron ƙasa su yi noma, su girbe, su ƙara gaba. Haka suka ratsa Chadi, haka suka ratsa Sudan. Duk inda suka girbe sai ta ware iri, ta ƙulle a jakar fata, ta ɗaura a ƙugu. Ta binne 'ya'ya a hanya, ta sayar da tasoshinta a bakin teku, amma jakar nan ba ta bar jikinta ba. Da suka sauke farali, mijinta ya kama aiki a lambun dabinon wani Balarabe, a kwarin da ke bayan Makka. Da ya tsufa a aikin, mutumin ya yanka masa gefe ɗaya a bakin kwarin. Gonarmu ke nan. Ke da Baba duk jikokinta ne, auren zumunci, shi ya sa ba wanda ya taɓa tambayar ko gonar ta wace ce.

Ƙarshen zafi irin wannan, can muke yin hutun makaranta. Kin tuna? Baba ya cika bayan mota da mu da tukwane da katifu. Dabino ya nuna, yana hawa tun kafin rana ta yi ƙarfi, mu muna ƙasa muna tsince wanda ya zubo, rabi a kwando rabi a baki. Ke kina cikin kuɓewa, hannuwanki sun yi ja don ƙaiƙayi, kina faɗa da awaki kamar suna jin Hausa. Kankana kuwa a kwamin rijiya muke jefa ta, mu dawo mu tarar ta yi sanyi.

Amma duk wannan jira ne. Idonki yana kan duwatsu. Da zarar ruwan sama ya zuba a can, ya gangaro kwari ya jiƙa gabashin gona, sai ki ce, "Ku tashi, ƙasa ta buɗe baki." Baba a gaba da sungumi yana sara, ke a bayansa kina zuba ƙwaya kina rufewa da diddige, ni a bayanki da ƙwaryar iri a ka. Yaya yana can gindin dabino da rediyo a kunne, yana sauraron ƙwallo. In Baba ya yi magana sai ki ce a bar shi, ɗan makaranta ne. Ni ma ɗin makarantar nake zuwa, Inna, amma ban taɓa jin kin faɗa ba.

In sanyi ya shigo maiwa ta nuna, ba mai sa mata wuƙa sai kin riga shi shiga. Ke kaɗai, da alwalarki. Kina ratsa kunyoyi kina duba zangarnu ɗaya bayan ɗaya. Doguwa kike so, mai cikar ƙwaya, wadda tsuntsu bai taɓa ba, kuma daga tsakiyar gona, ba ta bakin hanya ba. Ki haɗa dami guda, ki ɗaure da ganyen dabino, ki rataye a madafi daidai saman murhu, inda hayaƙi zai riƙa dukansa ya kori ƙwari. Sai an yi wannan kowa ke yankan abin ci. Kina cewa, "Iri ba namu ba ne, na baɗi ne." Kina kuma cewa, "Iri ba ya kwana a gari." Ko zangarniya ɗaya ba ki taɓa yarda an kai gidanmu na cikin gari ba.

Ban manta ciwon ajalin Baba ba. Maiwar ci ta ƙare, sai damin iri kawai a rataye, shi kuma ba abin da ransa ke so sai furar maiwa. Kika shiga madafi kika tsaya a ƙarƙashin damin, kika daɗe, kika fito hannu babu komai. Kika aike ni kasuwa na sayo gero. Kika daka, kika dama masa da kanki. Kurɓa ɗaya ya yi ya juya fuskarsa ga bango. Ranar na ga kin yi kuka a bayan ɗaki, kuma ranar na ji haushinki har cikin raina. Sai da aka yi shuka, maiwa ta tsiro bayan ba shi, sannan na fara gane ki.

To, ke ma kika tafi. Damin da kika zaɓa da hannunki a girbinki na ƙarshe, shi ya rage a rataye.

Yaya ya yi ritaya daga kamfanin motocin da yake aiki, sai ga shi da son noma rana tsaka. Gona ta tashi daga gona ta koma "mazra'a". Ya kafa allo a bakin hanya da sunansa. Ya gina ɗakin baƙi mai na'urar sanyi inda kike shanya kuɓewa. Ya cika gabashin gonar da ciyawar dabbobi, ya shuka geron kasuwa, irin mai saurin nuna. Ban ce komai ba. Namiji ne, rabonsa biyu nawa ɗaya, kuma ba a raba ba. Abu ɗaya na roƙa: 'yan kunyoyi a gabas, in zuba maiwarki.

Shekarar farko ya ce, "Baɗi, ya ukhti, in sha Allah." Haka yake kirana da Larabci, wato 'yar'uwata. Wai maiwa tana daɗewa a ƙasa, tana shan ruwa, tana tara tsuntsaye. Shekara ta biyu ya ce, "Halas, shi ke nan, baɗi kam ba fashi." Magana ta zama shuka a idon makwarwa. Ke kin sani, iri ba dutse ba ne. In ya daɗe a rataye cikin zafin ƙasar nan, ransa fita yake yi, a shuka shi ya ƙi tsirowa. Na faɗa masa da Hausa, na faɗa masa da Larabci, na ce bana ce ta ƙarshe, in ba a shuka ba an rasa. Ya dafa ƙirji ya ce, "A kaina. Bari a gama maharjan, bikin baje kolin nan, gabas taki ce."

Duk tsawon wannan jira, ni ke kula da damin. Samira, matar Yaya, da gas take girki a sabon kicin, madafinki ba mai shiga. Duk Juma'a in na sami mota sai in je, in karɓi makulli a hannun Yaya, in hura itacen dabino a murhunki, in zauna hayaƙi yana cika mini ido har ya ratsa zangarnun. In koma Zahir ina wari, 'yata tana toshe hanci tana cewa, "Ya Mama, rihat hatab!" wai ina warin itace.

A nan ke ma da naki laifin, Inna, kuma sai na faɗa. Ni na bi ki kunya-kunya, ni na san zangarniyar da ake zaɓa, amma da za ki tafi shi kika miƙa wa makullin madafi. Sau nawa na tsaya gaban damin nan, hannuna yana ƙaiƙayin in zare biyu in sa a jaka? Sai in ji muryarki, in janye hannu. Kin hore ni da kyau. Shi kuwa ba ki taɓa hana shi komai ba, kuma bai koyi hana kansa ba.

Ba ki ga maharjan ɗin nan ba, bayanki aka fara yi a yankinmu. Baje kolin amfanin gona ne, a wani fili kusa da babban titi, duk ƙarshen zafi. Rumfuna jere, masu dabino da masu zuma, masu rumman da inabi daga kan dutse, har da gasar awaki. Iyalai suna zuwa da yara, ana ciye-ciye, ana ɗaukar hoto. A ranar ƙarshe alƙalan gasa da manyan baƙi su zaga, a ba wanda ya yi fice kyauta. Ba laifi, abu ne mai kyau. Da kina nan da kin tsaya a rumfar awaki kina kushe su ɗaya bayan ɗaya.

Bana Yaya ya kama rumfa. Kin san abin da ya kai? Fura. Haruna da fura! Yaron da ya roƙe ki kada ki ƙara yi masa Hausa a ƙofar makaranta, wanda in abokansa suka zo gida sai ya tura ƙwaryar fura ƙarƙashin gado. Shi ne ya nemo hula ya kafa a kan jallabiya, ya jera ƙore da ludaya a gaban rumfa, ya sa aka rubuta da Larabci cewa abincin kakanni ne, daga gonarmu zuwa bakinka. Samira ce ke dakawa tana damawa a baya. Ke kika koya mata, kuma hannunta ya faɗa. Mutane suka yi ta layi.

Wallahi na yi masa murna. Na ce ko ba komai ya dawo hanya, kuma ana gamawa zan samu kunyoyina. Ranar ƙarshe na yi wanka na sa turare, na tafi bayan la'asar don in taya su.

Na iso daidai lokacin da manyan baƙi ke rumfarmu. Yaya ya hango ni, ya yafito ni da hannu, yana gaya musu ga ƙanwarsa. Samira ta miƙo mini fura a kofin roba, ba ta ɗago ta kalle ni ba. Na ɗauka gajiya ce. Na ɗaga niƙabi na kai baki.

Inna, kurɓa ɗaya.

Kin san geron kasuwa, ruwa-ruwa ne, sai an cika masa sukari. Wannan kuwa ta kama harshe, da nauyinta, da ɗan zaƙin nan da ke zuwa daga baya. Kuma a ƙarƙashin citta da kanumfari akwai ƙanshin hayaƙi. Hayaƙin itacen dabino ne, wanda ni da kaina na yi ta hurawa duk Juma'a. Ban buƙaci kowa ya gaya mini ba. Na kalli Yaya, ya kau da kai yana gyara hula.

Furar tana bakina, mutane sun kewaye ni, ana ɗaukar hoto. Ba wurin tofarwa, ba halin ihu. Na haɗiye. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, to ranar na san haka ne.

Na tsaya ina kallo. Wani mai alkyabba ya kurɓa, ya ce masha Allah, ya ajiye kofin da fiye da rabi a ciki. Wani yaro ya ɗanɗana ya yamutsa fuska, uwarsa ta karɓa ta jefa a kwandon shara. Kofuna suka taru a kan teburi, wani an sha, wani an taɓa kawai, mai shara ya zo ya kwashe duka a baƙar leda. Abin da kika hana mijinki yana kan gadon mutuwa ke nan. Ni dai na shanye nawa tas, har na sa yatsa na lashe gindin kofin, a gaban kowa, ban damu ba.

Ya ci kyautar, Inna. Wani katako ne mai ƙarfe a fuska. Da aka ba shi lasifika, kin san abin da ya faɗa? Labarin Kaka Tabawa. Jakar fata, Sudan, bakin teku, bai rage komai ba. Ashe yana ji duk lokacin da muke zaton ƙwallo yake saurare. Aka yi ta tafi. Ni na fita na nemi mota.

Daga baya Samira ta zo har Zahir ta ba ni labari tana kuka. Geron da suka tanada ya ƙare ana gobe rufewa. Ta ce a sayo a kasuwa, ya ce a'a, ya riga ya gaya wa alƙalai komai daga gonarsa yake, kuma ranar manya ba a kai musu abin da kowa ke da shi. Ya shiga madafi ya sauko da damin. Ta ce masa, "Ya Abu Faisal, wannan ba na Inna ba ne?" Ya ce ta yi abin da aka sa ta. Ta sussuka, ta sheƙe, ta surfa, ta wanke, aka kai inji. Duka. Ban riƙe ta a rai ba. A Jidda ta tashi, a idonta hatsi hatsi ne, kuma ta tambaya.

Washegarin rufewa na je gona da sassafe. Madafi a buɗe, makulli a jikin ƙofa, yanzu da ba abin tsarewa. Igiyar tana lilo a saman murhu. Bango ya yi baƙi da hayaƙi, sai wuri ɗaya da ya rage fari, daidai girman damin. Na durƙusa na share ƙasa da tafin hannu. Na je inda aka yi sussuka, kaji sun riga ni. Dusa da ƙaiƙayi an zuba wa awaki. Na tona turmi da tsinke, na samu 'yan ƙwayoyi da ba su cika cokali ba, duk taɓarya ta fasa su. Duk da haka na ƙulle su a jiƙaƙƙen tsumma, na ajiye a inuwa, ina dubawa. Ruɓewa suka yi.

Yaya ya same ni a can. Ban gaishe shi ba, karo na farko a rayuwata. Ya ce, "Ya ukhti, hatsi ne fa, ba mutum aka kashe ba." Ya ce baƙonka annabinka, wai ke da kanki ba ki taɓa hana baƙo abinci ba. Na ce gaskiya ne, kin sha yanka kazarki ta ƙarshe saboda baƙo, amma ya faɗa mini ranar da kika ba baƙo iri. Ya ce ai mafi mushkila, wato wai ba matsala, ƙawayena na Kano suna zuwa Umra kullum, in sa su zo da wani.

Na tuna masa abin da ya faru da wata alhajiya ta kawo miki maiwar ƙauyensu tsaraba, kika gwada ta a kunya biyu don kada ta ji ba daɗi. Ta yi tsawo har ta wuce katanga, ta yi ganye kamar abin arziki, ta ƙi fitar da kai, ƙarshenta awaki suka ci. Tamu tun zamanin Kaka Tabawa take koyon ƙasar nan, da zafinta da ruwanta mai gishiri-gishiri. Kowace shekara hannun mace yana zaɓar wadda ta jure, yana barin wadda ta kasa. Ba a sayen wannan a kasuwa, ba a kuma kawo shi a akwati. Ya yi murmushi kawai, irin na wanda ya san wani abu da ban sani ba, ya ce in je in huce.

Na faɗa masa maganganu, Inna, ba zan rubuta su a nan ba. Ba ki haife ni da irin wannan bakin ba, shi ya fito mini da shi.

Sai ga shi a makon nan an yi ruwa a kan duwatsu. Daga tagata a Zahir na ga walƙiya, na rufe labule. Kwari ya kawo, gabas ta sha har ta ƙoshi. Yaya ya yi ta kira ina ƙin ɗauka, har ya turo Samira da mota, wai in zo in ga wani abu. Don ita na je.

Ya cika alkawari. Ya sa an nome ciyawar dabbobin nan kaf, ya kawo tarakta, an ja kunyoyi tun daga rijiya har bakin kwari. Ba 'yan kaɗan da na yi ta roƙo ba, gabas gaba ɗaya. Ban taɓa ganin gonar nan ta yi kyau haka ba. Ƙasa baƙa, a jiƙe, tana ƙanshi. Yana tsaye a bakin kunya ta farko, ya naɗe jallabiya zuwa gwiwa, fuskarsa fal fara'a. Ya ce tun ranar maharjan wayarsa ba ta huta ba, masu gidajen abinci suna son furar nan, ita dai wadda aka ba manya, ba wata ba. Ya ce ashe ni ke da gaskiya, bana maiwa za mu zuba ko'ina.

Sai ya miƙo mini hannu, ya ce, "Yalla, Rabi, fushi ya isa. Fito da shi."

Na ce in fito da me?

Ya yi dariya. Ya ce, "Haba, ni za ki yi wa? Duk Juma'a kina shiga ɗakin nan ke kaɗai. Na san kin ɗebi naki kin ɓoye a Zahir. Da ban san haka ba, ai da ban taɓa damin ba."

Kin ji, Inna. Ashe lissafin da ya yi ke nan. Ya auna ni da mudun kansa. Ya tabbata a ransa cewa ba mai tsayawa gaban abu shi kaɗai, ba mai ganinsa, ya bar shi don kawai uwarsa ta ce a bari.

Na ce masa babu. Ya sake dariya, amma gajeriya. Na ce wallahi, tallahi, ko ƙwaya ɗaya ban taɓa fita da ita daga gonar nan ba. Ya daɗe yana kallon idona, yana neman ƙarya a ciki. Da bai samu ba, sai na ga hannun da ya miƙo yana sauka a hankali. Ya juya ya kalli kunyoyin nan har ƙarshensu. Sannan ya zauna a ƙasa, cikin laka, da farar jallabiyarsa, ya dafe kai.

Na yi zaton in na ga wannan rana zan ji sanyi a raina. Ban ji ba. Na tsaya a kansa, babban mutum mai furfura, sai na ga kunnuwansa irin na Baba ne, ban taɓa lura ba. An ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ban yanke ba, amma ban kuma dafa shi ba. Na bar shi a nan na koma mota.

Ƙasar tana can tana shan iska. Nan da 'yan kwanaki za ta bushe ta rufe bakinta, kuma ba abin da za a zuba mata.

Innata, ina kewarki, kewa mai ciwo. Ina kewar tafin ƙafarki mai faso, da yadda kike kirana Rabi'atu in kina so in yi miki aiki. Na yi miki faɗa a wasiƙar nan, ki yafe mini, ba ni da wanda zan yi wa sai ke. Abin da kika ce in yi na yi, ban ƙara ba, ban rage ba. Da za ki dawo ki sake cewa in bari, ban sani ba ko zan sake bari. Wannan tambayar ce ke hana ni cin abinci.

Allah ya jiƙan ki, ya jiƙan Baba, ya haskaka makwancinku, ya shayar da ku daga tafkin Manzonsa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Allah ya karɓi wahalar da kuka sha a ƙasar nan, wadda muka gani da wadda ba mu gani ba. Ɗanki kuma Allah ya shirye shi. Ni ma ya sassauta mini zuciya, ya ba ni ikon buɗe baki in gaishe shi, don har yau na gwada ya ƙi fita. Amin.

Wassalam.

Ɗiyarki mai jin maganarki,
Rabi
Zahir, Makka